Babi na 5: Karatun Rami da Farashin Haɗari

Wanda ya fara kallon gasar golf a talabijin ba ya daɗewa sai ya yi wata tambaya: me ya sa ɗan wasan da zai iya tura ƙwallo yadi 300 yake barin doguwar sandarsa a jaka, ya zaro gajeriya, sannan ya buga nesa da tutar da kowa ya san ita ake nema? Mai kallo yakan ɗauka tsoro ne. Amsar kuwa tana cikin yadda ake gina filin wasan. Kowane rami an tsara shi ne da tarko a daidai inda kwaɗayi zai ja mutum, kuma kowane tarko yana da farashin da doka ko yanayin ƙasa suka yanka masa. Gwanin golf shi ne wanda ya san farashin, ya kuma san iyakar hannunsa.

Yadda aka shirya rami

Cikakken fili yana da ramuka 18. Kowanne yana farawa daga mafari, inda ake ɗora ƙwallo a kan ɗan tsinke don bugun farko, ya bi ta gyararriyar hanya mai gajeriyar ciyawa, ya ƙare a girin, wato dandalin da aka aske ciyawarsa ƙwal, inda tuta take tsaye cikin ƙaramin rami mai faɗin milimita 108. Kowane rami yana da ƙa'idarsa: bugu 3, 4 ko 5 da ake sa ran ƙwararre zai kammala shi da su, an haɗa da bugu biyu na gangarawa a kan girin. Yawancin filaye jimillar ƙa'idarsu 70 zuwa 72 ce. Doka ta ba ɗan wasa sanduna 14 kacal, don haka tun daga zaɓen abin da zai shiga jaka dabara take farawa.

Masu zana filaye sun bi hanyoyi daban-daban wajen ajiye tarkunansu. Wasu sun tafi a kan cewa duk bugun da ya kauce sai an hukunta shi nan take. Filin Oakmont na jihar Pennsylvania, wanda Henry Fownes ya kafa a 1903, shi ne misalin da aka fi bayarwa: hanyoyi matsattsu, guraben yashi dama da hagu, ciki har da wani makeken gurbi tsakanin rami na 3 da na 4 mai jerin tudun ciyawa a cikinsa. A irin wannan fili hanya ɗaya ce, ko mutum ya bi ta ko ya biya. Wasu kuma, irin su Alister MacKenzie da ya zana filin Augusta tare da Bobby Jones, sun fi son a buɗe hanya da faɗi, a ajiye haɗari a gefen da ya fi amfani. Wanda ya matsa kusa da haɗarin zai samu sauƙin bugu na gaba, wanda ya guje masa zai tsira yanzu amma ya tarar da wahala a gaba. Wannan tsarin ya fi daɗin wasa, domin yana ba mai ƙarfi da mai rauni kowa hanyarsa, kuma a kansa yawancin wannan babi zai tsaya.

Kowane haɗari da farashinsa

Mafi arha shi ne doguwar ciyawar da ke gefen hanya. Babu tara a kanta. Illarta ita ce ciyawa tana shiga tsakanin fuskar sanda da ƙwallo, sai jujjuyawar ƙwallon ta ragu, ta sauka a girin ta ƙi tsayawa. Idan ciyawar ta yi kauri sosai takan naɗe wuyan sanda ta karkatar da bugun.

Gurbin yashi shi ma babu tara a kan faɗawa cikinsa, amma yana da dokarsa: ba a taɓa yashin da ke gaban ƙwallo ko bayanta da sanda kafin bugu, ko a lokacin gwaji. A gasar PGA ta 2010 a Whistling Straits, Dustin Johnson ya ajiye kan sandarsa a wani wuri mai yashi da 'yan kallo suka tattake a rami na ƙarshe, bai ɗauke shi gurbi ba. An ci shi tarar bugu biyu, ya rasa shiga bugun raba gardama, Martin Kaymer ya ɗauki kofin. Guraben kuma ba ɗaya suke ba. Shimfiɗaɗɗen gurbi na gefen girin bai cika damun ƙwararre ba, wani lokaci ma ya fi son sa a kan doguwar ciyawa, musamman tun bayan da Gene Sarazen ya shahara da sandar yashi mai faɗin gindi a 1932, wadda ke zamewa a ƙarƙashin ƙwallo maimakon ta nutse. Ƙananan gurabe masu zurfi na filayen bakin teku a Sikotilan kuwa, masu bango a tsaye da aka gina da jerin yankakkiyar ciyawa, bugu ɗaya cur suke ci, domin sau da yawa dole a fita ta gefe ko ta baya.

Ruwa yana cin tarar bugu ɗaya. Tun gyaran dokoki na 2019, wanda hukumomin R&A da USGA suka yi tare, ana kiran irin waɗannan wurare yankin tara, ana kuma yi musu alama da turaku ko layi. Idan alamar rawaya ce, ɗan wasa zai koma inda ya buga, ko ya ja baya a kan layin da ya taso daga tuta ya bi ta inda ƙwallon ta ƙetare bakin ruwan. Idan ja ce, yana da ƙarin zaɓi na sakin ƙwallo a gefe cikin tsawon sanda biyu, muddin bai matsa kusa da rami ba. Wanda ya ga zai iya buga ta a inda take, ko cikin taɓo ne, ba a cin sa komai.

Mafi tsada shi ne wajen iyaka, wanda fararen turaku ke nunawa, da kuma ɓatan ƙwallo idan an yi minti uku ana nema ba a gan ta ba. A nan ana cin bugu ɗaya, a kuma koma inda aka taso. Mutum ya buga na farko ya fita, ya dawo mafari yana buga na uku: asarar bugu biyu ke nan. Duk wanda ya riƙe wannan jerin a kansa ya riga ya san inda zai karkata. Idan akwai fararen turaku a dama da doguwar ciyawa a hagu, tsakiyar hanya ba ita ce wurin saiti ba. Saitin yana komawa gefen hagu, yadda bugun da ya kauce zai faɗa wuri mai arha. Shi ya sa ƙwararru ke kafa tsinkensu a gefen mafarin da ke kusa da haɗari, su buga suna nesanta da shi.

A fara daga tuta

Sabon ɗan wasa yana karanta rami daga inda yake tsaye zuwa gaba. Gwani yana farawa daga girin ya dawo baya. Yana duba ta wane gefe bakin girin yake a buɗe, ina gangarensa ya nufa, ina aka kafa tuta a ranar, sannan ya tambayi kansa daga wane wuri a kan hanya ya fi sauƙin shiga. Amsar wannan ce ke gaya masa inda bugun farko zai sauka da sandar da zai ɗauka.

Babu ramin da ke koyar da wannan kamar na 17 a tsohon filin St Andrews, wanda ake kira Ramin Titi. Ƙa'idarsa 4 ce, tsawonsa a gasar Open yadi 495. Daga mafari ba a ganin inda ƙwallo za ta sauka, domin sai an ɗaga ta a kan kusurwar harabar wani otel da ke dama, harabar kuma wajen iyaka ce. Girin ɗin siriri ne, yana kwance a karkace. A gabansa ta hagu akwai ƙaramin gurbi mai zurfi wanda ƙasar da ke kewaye da shi take gangaro masa da ƙwallo. A bayansa akwai titi da katangar dutse, kuma duka suna cikin wasa, ana buga ƙwallo a inda ta tsaya. Wanda ya yi ƙarfin hali ya bi dama kusa da otel zai ga girin a tsawonsa, gurbin ya koma gefe. Wanda ya gudu hagu ya tsira daga fararen turaku, amma yanzu gurbin yana tsakaninsa da tuta, titin kuma yana jiran duk bugun da ya zarce.

Tarihin ramin cike yake da waɗanda suka biya. A 1978 Tommy Nakajima na Japan ya hau girin da bugu biyu, ya gangara ƙwallo ta zame cikin gurbin, ya yi bugu huɗu kafin ya fita, ya tashi da 9. A 1984 Tom Watson yana kafaɗa da kafaɗa da Seve Ballesteros na Sifaniya lokacin da bugunsa na biyu ya zarce girin ya tsaya daf da katanga, ya rasa bugu ɗaya, kofin ya tafi Sifaniya. Saboda haka da yawa daga masu hankali suke ajiye bugu na biyu a gaban girin ta dama, su yarda da 4 idan ta samu, su karɓi 5 ba tare da ɓacin rai ba.

A wannan fili mai gurabe 112 ne Tiger Woods ya lashe gasar Open ta 2000 da ratar bugu takwas ba tare da ƙwallonsa ta shiga yashi ko sau ɗaya ba a ramuka 72. A 2006 a Hoylake, inda rani ya busar da ƙasa har ƙwallo ke gudu kamar a kan daɓe, sau ɗaya tak ya zaro direba, wato sanda mafi tsawo, a duk kwanaki huɗun. Ya riƙa ajiye ƙwallo da sandar ƙarfe kafin guraben, ya yarda da doguwar tazara a bugu na biyu, ya ci gasar.

A tsallaka ko a ajiye?

Rami mai ƙa'ida 5 da ruwa a gaban girin yana kawo tsohuwar shawarar matafiyi da damina: ya ratsa fadama ya isa da wuri idan motar ba ta kafe ba, ko ya zagaya ta kwalta. Lissafin ba shi da wuya. Wanda ya tsallaka yana girin da bugu biyu. Wanda ya ajiye kafin ruwa yana girin da uku. Wanda ya faɗa ruwa ya biya tara yana girin da huɗu. A takarda riba ɗaya ce, asara ɗaya, don haka ana iya cewa nasara rabi da rabi ta wadatar. A fili ba haka abin yake ba, domin tsallake ruwa daga yadi 220 ba ya nufin hawa girin, kuma ɗan gajeren bugu daga yadi 80 yakan tsaya kusa da tuta fiye da dogon. Wanda ba ya tsallake irin wannan tazara aƙalla sau biyu cikin uku a ranakun da ba kowa ke kallonsa, ajiyewa ta fi masa.

Zach Johnson ya nuna haka a gasar Masters ta 2007 a filin Augusta. Cikin sanyi da iska, bai nemi girin da bugu biyu a ko ɗaya daga ramukan ƙa'ida 5 ba. Ya ajiye a kowanne, ya dogara da gajerun sandunansa, ya tashi da bugu 11 ƙasa da ƙa'ida a waɗannan ramuka kaɗai, ya ci gasar. Shekara uku bayan haka, a rami na 13 na wannan fili, Phil Mickelson ya buga sandar ƙarfe lamba 6 daga kan busassun ganyen itace, ta tsakanin bishiyoyi biyu, ya tsallake rafin ya sauka kusa da tuta, shi ma ya ci. Dukansu sun yi daidai, domin kowa ya auna da hannunsa.

Hausawa na cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara, amma a golf maganar tana da iyaka. Binciken Mark Broadie na Jami'ar Columbia, wanda ya fito a littafinsa na 2014, ya nuna cewa kusanci da girin yana da daraja ƙwarai, kuma dogayen bugu ne ke kawo mafi yawan bambanci tsakanin gwani da wanda bai kai shi ba. Ma'ana, barin direba a jaka alhali babu ruwa ko iyaka a inda za ta sauka asara ce kawai. Ana ja da baya ne saboda haɗari mai tsada da ke daidai tazarar mutum, kuma idan za a ajiye, a ajiye sosai. Babu bugu mafi takaici kamar wanda aka yi niyyar tsayarwa kafin ruwa ya gangara ciki saboda an so a matsa yadi goma.

Tuta mai kira

Ramuka masu ƙa'ida 3 su ne mafi gajarta, kuma su ne suka fi kunyata manya. Na 8 a Royal Troon yadi 123 ne kawai. Na 17 a TPC Sawgrass da ke Fulorida, wanda Pete Dye ya gina bisa shawarar matarsa Alice, yadi 137 ne, girin ɗinsa kusan tsibiri ne, kuma a zagayen farko na gasar 2007 ƙwallo 50 suka faɗa ruwansa.

Na 12 a Augusta ya fi su darasi. Yadi 155 ne, rafin Rae yana gabansa, akwai gurbi ɗaya a gaba da biyu a baya. Girin ɗin ba shi da zurfi, kuma ya karkata yadda ɓangaren dama ya fi nisa daga mafari. Gaɓar rafin an aske ta, duk ƙwallon da ta gaza sai ta gangaro ruwa. Iska tana juyawa a cikin bishiyoyin wurin, har tutar rami na 11 da ta 12 sukan nuna gefe daban a lokaci guda. A ranar Lahadi ta ƙarshen gasar Masters ana kafa tuta a dama, inda tazara ta fi tsawo kuma wurin sauka ya fi ƙanƙanta.

A 2016 Jordan Spieth ya shiga ramuka tara na ƙarshe da ratar bugu biyar. A nan ya jefa ƙwallo biyu ruwa, ya tashi da 7, Danny Willett ya ci gasar. A 2019 huɗu daga cikin 'yan wasa shida na ƙarshe suka faɗa rafin: Brooks Koepka, Ian Poulter, Francesco Molinari da ke kan gaba da bugu biyu, da Tony Finau. Woods ya saita a kan gurbin gaba, hagu da tuta sosai, ya sauka nesa da rami amma a busasshiyar ƙasa, ya gangara sau biyu ya karɓi 3. Daga nan ya kama hanyar lashe Masters karo na biyar. Layin da ya bi shi ne wanda Jack Nicklaus ya daɗe yana bi: idan bugun ya gaza, yashi zai tare shi kafin ruwa.

Ga ɗan wasa na yau da kullum darasin ya fi sauƙi. Yawancin masu koyo suna auna sanda da bugunsu mafi kyau da suka taɓa yi, sai ƙwallo ta riƙa gazawa, kuma masu zane sun fi jibge tarko a gaban girin. Ƙara sanda ɗaya da saita tsakiyar girin suna rage bugu fiye da kowace sabuwar sanda da za a saya. Idan kuma za a kauce, gara a kauce ta gefen da ke da faɗin girin tsakanin ƙwallo da tuta, domin wanda ya kauce ta gefen da tuta ke daf da baki ba shi da filin da ƙwallo za ta sauka ta tsaya.

Kuskure na biyu

Bugu ɗaya mara kyau ba ya lalata zagaye. Abin da ke lalata shi shi ne yunƙurin gyara shi da bugun bajinta. A gasar Open ta 1999 a Carnoustie, Bafaranshe Jean van de Velde ya iso rami na ƙarshe, mai ƙa'ida 4, da ratar bugu uku. Ko 6 ya yi ya ci. Rafin Barry yana zagaye ramin, ya kuma ratsa gaban girin. Ya ɗauki direba, ƙwallo ta kauce dama sosai amma ta tsaya a wuri mai kyau. A nan gajerun bugu biyu za su kai shi girin. Sai ya zaro sandar ƙarfe lamba 2 ya nemi girin kai tsaye. Ƙwallon ta daki ƙarfen rumfar 'yan kallo ta dawo baya cikin ciyawa mai kai gwiwa. Maimakon ya fita ta gefe, ya sake neman girin, ta faɗa rafi. Ya tuɓe takalmi da safa, ya naɗe wando, ya shiga ruwan yana duba ko zai iya bugawa, daga baya ya haƙura ya biya tara. Bugu na biyar ya shiga yashi, ya fita da na shida, ya jefa na bakwai. A bugun raba gardama Paul Lawrie, wanda ya fara ranar yana baya da bugu goma, ya ɗauki kofin.

Doka ta tanadi mafita ga wanda ya shiga matsala. A ko'ina ban da yankin tara, ɗan wasa yana iya cewa ƙwallonsa ba ta buguwa, ya biya bugu ɗaya ya sake ta cikin tsawon sanda biyu, ko ya ja baya a kan layin tuta, ko ya koma inda ya taso. A cikin gurbin yashi ma, tun 2019, yana iya fitar da ita baya da tarar bugu biyu. Nicklaus kansa ya yi bugu huɗu a cikin babban gurbin rami na 14 na St Andrews a 1995, ya tashi da 10. Daga cikin bishiyoyi, aikin farko shi ne dawowa kan hanya.

Iska da ƙasa

Duk lissafin da ya gabata yana canzawa da yanayi. Iskar da ke fuskantar ɗan wasa tana rage tazara fiye da yadda iskar baya ke ƙara ta, tana kuma ƙara girman kowace karkata. Buga ƙwallo da ƙarfi yana ƙara mata jujjuyawa ta tashi sama iska ta cinye ta, don haka gwanaye ke ɗaukar sanda mafi tsawo su buga a hankali, ƙwallon ta tafi ƙasa-ƙasa. Busasshiyar ƙasa tana jawo gurbin da ke nesa ya zama na kusa, jiƙaƙƙiya kuma tana mayar da rafin da aka saba tsallakewa abin tsoro. Masu wasa a arewacin Nijeriya sun san wannan da hunturu, lokacin da ƙasa ke ƙeƙashewa, musamman a tsofaffin filayen da ake amfani da yashi gauraye da mai a madadin ciyawar girin, inda turo ƙwallo a ƙasa ya fi ɗaga ta amfani. A Jos kuma, da ke sama da mita 1,200 daga teku, ƙwallo tana tafiya nesa kaɗan saboda rashin kaurin iska.

Duk waɗannan shawarwari suna kai ƙwallo ne zuwa girin, inda ake yin kusan kashi 40 cikin 100 na bugun zagaye guda. Babi na gaba zai ɗauki wannan dandali: yadda ake gane gangare, yadda kwanciyar ciyawa ke sauya gudun ƙwallo, da yadda ake kauce wa gangarawa sau uku.